Manhajar da Ta Tambayi Sunan Ɗan Fari

Ku jawo bencin nan cikin inuwa ku zauna. Yau ba hirar taki za mu yi ba, ba kuma ta siyasa ba. Wata magana ce ta cikin gidanmu ta tsaya mini a rai, kwana biyar ke nan ina juya ta ban ga bakinta ba, na ce bari in kawo ta majalisa, tunda ku ba ku taɓa rasa abin cewa ba, ko a kan abin da ba ku sani ba. Sharaɗina ɗaya ne, kada wanda ya katse ni sai na kai ƙarshe. In na kai, ku yi ta musu har ku gaji.

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran rediyo a shagon nan, in ban da dalma da sukurdireba ban san komai ba. Kwamfuta kuwa ko kunna ta ban iya ba. Amma a kan teburin nan nawa aka yi aikin da zan ba ku labari, saboda ni ke da wutar sola a layin, don haka abin da zan faɗa mafi yawansa da idona na gani.

Su uku ne, kakansu ɗaya. Nafi'u ɗan ƙanena ne, shi ne ɗan farin uwarsa, ya yi difloma a fannin kwamfuta. Mutum ne mai shiru-shiru, in ya sa abu a gaba sai an taɓa kafaɗarsa yake sanin an yi sallama. Tanimu ɗan ɗaya ƙanen nawa ne, mai gyaran waya a bakin tasha, bakinsa ba ya hutawa, hannunsa ma haka. Barira kuwa 'yar ƙanwata ce, malamar firamare, ta girme su duka biyun. Da yake ita 'yar mace ce su 'ya'yan maza, taubasanta ne, ba ta raga musu ko a gaban baƙi. Shekara biyu ta yi tana koyon rubuta manhaja a wayarta in ta tashi daga makaranta, ba ta da malami sai bidiyo.

Manhaja, ga tsofaffi irina, ita ce abin nan da ke cikin wayarku wanda kuke dannawa ya yi muku aiki. Ba daga sama take faɗowa ba, mutum ne yake zama ya rubuta ta layi bayan layi, da wani harshe da na'ura take ji. Masu wannan aikin su ake kira injiniyoyin manhaja, kuma abin da su ukun nan kowannensu yake son ya zama ke nan.

To, sai wani kamfani na masu wannan sana'a a Kano ya sa gasa. Ya ce matasa su ƙera manhajar da za ta warware wata matsala ta garinsu. Wanda ya ci za a ba shi gurbi, ya zauna shekara biyu a hannun manyan injiniyoyi, ana koya masa yana aiki, in ya gama ya zama ɗayansu. A cikin sanarwar an faɗa ƙarara cewa ƙungiya tana iya shiga, amma gurbin guda ɗaya ne tak. Da suka ce mini tare za su shiga, na tambaye su, in kun ci fa, wa zai tafi? Tanimu ya yi dariya ya ce, "Baffa, mu ci tukuna." Ni ma na yi dariya, don gaskiya ban sa rai za su ci ba.

Abin da suka zaɓa shi ne allurar rigakafin jarirai. Kun san Malama Saratu ta asibitin sha-ka-tafi na garin nan, kun kuma san kukanta na kullum. Uwa ta kawo jariri a yi masa allurar farko, ta biyu ta manta, ta uku kati ya ɓata ko gara ta ci. Suka ce za su yi manhajar da za ta riƙe bayanin kowane jariri, ta lissafa ranar dawowarsa, ana gobe ta kira wayar gidansu da muryar mutum cikin Hausa ta tuna musu.

Bari in fara da Nafi'u, tunda da shi aka fara.

Wata huɗu ya yi a kan kujerar can. Kwamfutarsa tsohuwa ce, batirinta ya mutu, in aka taɓa wayar wutar sai ta ɗauke, don haka ya ɗaure wayar da ƙyauron roba ya hana kowa wucewa ta gefen. Daga hantsi har La'asar yana rubutu. Wani lokaci in leƙa in ga jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar, shi kuma ya tallafi haɓa yana kallonsa kamar mai jiran hadari. Ya taɓa yin kwana shida a kan abu ɗaya, wato yadda manhajar za ta san cewa allurar mako shida da ta mako goma da ta mako sha huɗu kowace tana bin ranar da aka yi wadda ta gabace ta ne. Ranar da ya same shi bai yi ihu ba, tashi kawai ya yi ya sha ruwa ya koma.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kafin Nafi'u babu komai. Magana ce kawai a bakin mutum uku, irin wadda muke yi a nan kullum mu watse. Shi ya mai da ita abin da ake riƙewa a hannu. Shi ya gina ma'ajiyar bayanan, shi ya haɗa lissafin ranakun, shi ya sa waya ta kira waya ba tare da yatsan mutum ba. Ranar gwajin farko lambata ya sa. Ina cikin liƙa wata rediyo wayata ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji wata murya tana ce mini gobe in kai jaririna allura. Ni da autana ya yi gemu. A cikin layi goma na wannan manhaja, takwas hannun Nafi'u ne, kuma Barira da Tanimu ba su taɓa musa haka ba.

Aka kai ta asibiti gwaji. Malama Saratu tana ciki tana allura, a bakin ƙofa kuma akwai mai rajista, wani bawan Allah da aka turo daga wani gari, shi aka ba wayar. Nafi'u ya dawo shago yana cewa aiki ya yi, domin duk bayanin da aka shigar yana shiga daidai.

Nan ne Barira ta shigo.

Lokacin hutun makaranta ne, sai ta riƙa zuwa asibitin kowace Talata, ranar rigakafi. Ba ta taɓa wayar, ba ta koya wa kowa komai, tana zaune kan tabarma cikin mata kamar ita ma allurar ta kawo ta. Talatar farko ta ƙirga matan da suka shigo da goyo, arba'in. Da aka tashi ta duba manhajar, talatin da ɗaya. Ta ɗauka kuskurenta ne. Talata ta biyu bakwai suka ɓace, ta uku takwas. Sai ta koma kusa da teburin rajista ta sa ido.

Abin da ta gani shi ne, tambayar farko da manhajar take yi ita ce sunan jariri, ta biyu sunan ubansa. In ba a cike su ba, ba ta matsawa gaba, sai ta yi ta nuna ja. To ku da kanku kun san matan ƙasar nan. Wace uwa ce za ta buɗe baki a gaban jama'a ta faɗi sunan ɗanta na fari? Wace ce za ta faɗi sunan mijinta? Wadda ta zo da kakar yaron ko da ƙanwarta, sai su faɗa mata a wuce. Wadda ta taso ita kaɗai daga ƙauye da goyon fari, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Da can da littafi ake yi, mai rajista yakan rubuta ɗan unguwa kaza, ya bar gurbin sunan sai ya samu mai faɗa masa. Yanzu waya ta ƙi. Layi ya yi tsawo, rana tana yi, sai ya ce mata, "Koma gefe, in kin tuna ki dawo." Ita kuwa ba mantawa ta yi ba. Sai ta koma gefe ta zauna kaɗan, ta gyara goyonta, ta sulale gida ba a yi wa jaririn allura ba.

Ina nan zaune Barira ta shigo, ko mayafinta ba ta gyara ba, ta tsaya a kan Nafi'u.

"Kai taubashi, ɗago ka dube ni. Tun da aka haife ka, ka taɓa jin sunanka a bakin Innarka?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan kuma?"

"Amsa za ka ba ni. Me take ce maka?"

Ya ce, "Kai wannan."

"Shekara ashirin da shida tana ce maka kai wannan, a ɗakinta ka girma, sannan ka zauna ka ƙera abin da zai tsare ta a gaban mutane ya ce sai ta faɗi sunanka ko a hana ka allura. Da a zamaninka ne, da ƙyanda ta gama da kai, mun huta."

Nafi'u ya ce a hankali, "A makaranta haka aka koya mana. Suna ne farko."

Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, domin ba mugunta ya yi ba, abin da ya fi kowa sani ne ya manta da ya zauna gaban na'ura. Kuma gyaran ba ƙarami ba ne. A kan suna ya ɗora komai, cire shi kamar zare tubalin ƙasa ne daga katanga. Kwana biyu yana cewa a dai gaya wa mai rajista ya riƙa tambaya a hankali. Barira ta ce ko raɗa ya yi ba za su faɗa ba.

Ba ta tsaya a faɗa ba. Ta koma ta bi matan nan har gidajensu, wasu tafiyar awa guda a ƙafa, ta zauna da su ta tambaye su yadda za a tambaye su ba tare da an kunyata su ba. Ta dawo da littafin rubutu na 'yan makaranta cike da zane, shafi-shafi, kowane shafi fuskar waya guda. A tsarinta, sunan uwar ake fara tambaya, nata na kanta, sai unguwa ko ƙauye, sai ranar da aka yi suna, wadda babu uwar da take mantawa. Sai wata tambaya da ake amsawa da kai kawai, na fari ne? In ta gyaɗa, manhajar ta tsallake sunan jariri da na uba, ta ba shi lamba, duk ranar da wani ɗan'uwa ya zo a cike. Muryar da take kira ma aka canja ta, ta daina ambaton suna, sai dai ta ce jaririnki. Nafi'u ya sake ginin ƙasa, ita kuma da hannunta ta rubuta sababbin shafukan, karo na farko da ta rubuta abin da mutane za su yi aiki da shi. Ta kuma sa aka nemo waɗanda suka koma gida aka yi wa 'ya'yansu allura. Talatar da ta biyo baya mata arba'in da huɗu suka shigo, arba'in da huɗu aka rubuta.

Saura Tanimu.

Wannan tun yana ƙarami ya addabe ni. Rediyo lafiyayya in na ajiye, kafin in dawo daga masallaci ya kwance ta yana neman mutumin da ke magana a ciki. Da aka raba aiki, shi ya zaɓi nasa da kansa. Ya ce, "Ni aikina in kashe ta kafin wani ya kashe ta a gaban mutane." Ya riƙa sa ranar haihuwar da ba ta zo ba tukuna, ya kashe waya ana tsakiyar rubutu, ya danna abu ɗaya sau goma a jere, ya miƙa wa Malama Saratu wayar ranar da ta manta tabarau. Duk abin da ya lalace sai ya rubuta a bayan kwalin waya ya kawo wa Nafi'u. Kwali sittin da bakwai na ƙirga. Har ta kai in Nafi'u ya hango shi tafe da kwali sai ya ɓata rai, shi kuwa yana shigowa da waƙa.

Duk waɗannan ƙanana ne. Babbar a daji ya samo ta. Kun san ranar Alhamis ma'aikatan asibitin biyu sukan hau babur su shiga rugage da ƙauyukan da babu sabis, kowa da wayarsa, sai sun dawo gari wayoyin suke zuba abin da suka rubuta a wuri ɗaya. Ba wanda ya sa shi, Tanimu ya rufe shagonsa Alhamis tara a jere ya bi su da nasa babur, yana rubuta kowace allura a takarda. In an dawo sai ya gwada takardarsa da manhajar. A tafiya ta huɗu ya ga wata jaririya da aka yi wa allura a gabansa, manhajar tana cewa ba a yi mata ba. A ta shida ya ga biyu. Ma'anar wannan, za a kira uwa ta taso daga nesa a sake yi wa 'yarta abin da aka riga aka yi, kuma daga ranar da mata suka gane wayar tana ƙarya, babu mai sake amsa kiranta.

Nafi'u ya yi kwana biyar yana nema bai gani ba. Barira ta duba, ba ta gani ba. Ranar ta shida Tanimu ya ce a matsa masa. Shi ba gwani ba ne a rubutun, amma ya koyi karanta shi. Ya bi layin nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana motsi kamar mai tilawa, har ya tsaya a wani wuri ya ce, "Wannan me take yi?"

Nafi'u ya ce, "In bayani biyu suka zo a kan jariri ɗaya, tana duba agogon waya ta ɗauki na baya-bayan nan, ta goge tsohon."

Tanimu ya dafe kai. "Agogon waya ka yarda da shi? Ɗan'uwa, ni nake buɗe waya hamsin a mako. Wayar ɗaya daga cikin ma'aikatan nan batirinta ya kumbura, in babur ya faɗa rami sai ta mutu, in ta tashi agogonta ya koma shekara shida baya. Duk abin da ya rubuta bayan nan, manhajarka gani take tsohon zance ne."

Haka kuwa aka samu. Wannan ba a makaranta ake koyonsa ba, a bakin tasha ake koyonsa. Suka zauna su biyu suka gyara, manhajar ta daina dogara da agogo, kuma allurar da aka rubuta an yi, babu abin da zai sake goge ta. Sauran Alhamis ukun ya bi su ne don ya tabbatar, takardarsa da manhajar ba su sake saɓawa ba.

Ranar gasa ban je ba, amma su ukun sun ba ni labari daban-daban kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ƙungiya ashirin da uku suka hallara. Wani injiniya cikin alƙalan ya ce a buɗe masa cikin manhajar, ya yi rabin awa yana karanta rubutun Nafi'u, da ya ɗago sai ya ce shekara nawa ka yi kana aiki, domin wannan ba hannun ɗan koyo ba ne. Sai wata dattijuwa a cikinsu, likita ce da ta yi aiki a karkara, ta naɗe gyalenta ta rungume kamar jariri, ta zo gaban teburin ta zauna. Barira ta gaishe ta, ta tambayi sunanta da ƙauyensu da ranar suna, sannan ta rage murya ta ce, "Na fari ne?" Dattijuwar ta gyaɗa kai. Ba a yi minti ɗaya ba aka gama rajista. Matar ta warware gyalenta tana murmushi, ta ce da ma ta zo ne da niyyar yin shiru ta ga yadda za su yi da ita. Alƙali na uku kuwa karɓar wayoyi biyu ya yi ya kashe musu sabis, ya mayar da agogon ɗaya baya, ya yi ta rubuce-rubuce a kansu sannan ya haɗa. Tanimu ya ce shi a lokacin har hamma ya yi. Ko allura ɗaya ba ta ɓace ba.

Suka ci. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina, na raba goro a layin nan, wasunku sun ci.

Shugaban kamfanin ya kira su gefe ya ce ya so a ce gurbi uku yake da shi, ya nema bai samu ba. Ya ce alƙalan ma sun kasa zaɓa, kowanne ya riƙe nasa. Sai ya ba su takarda mai layi ɗaya na rubuta suna, ya ce ku kuka san wanda ya yi me, ku kawo mini ita cikin mako guda. Suka dawo gida. Iyayensu kowa ya zame, ya ce ba zai yi hukunci a kan ɗan cikinsa ba. Ni ne babba a gidan yanzu, kuma babu wanda na haifa a cikinsu, sai takardar ta faɗo hannuna.

Na san abin da ke bakinku, don haka bari in tare ku. Kada ku ce a raba wata takwas-takwas, an tambaya, kamfani ya ce ba ya rabuwa. Kada ku ce wanda ya je ya dawo ya koya wa sauran, wannan za a yi, amma koyarwar ɗan'uwa a shagon rediyo ba ita ce zama a cikin injiniyoyi ba, kuma su ukun sun san haka. Kada ku ce a jefa ƙuri'a. Na kawo wannan shawarar, suka ƙi. Barira ta ce in ƙuri'a ce, wanda ya tafi ba zai taɓa sanin ko ya cancanta ba, waɗanda suka zauna kuma ba za su taɓa yarda ya cancanta ba.

Sai na kira su ɗaya bayan ɗaya. A raina ina fata wani zai ce na bar wa ɗan'uwana, in huta. Babu wanda ya ce, kuma ban ga laifinsu ba.

Nafi'u ya ce, "Baffa, ba zan yi maka ƙarya ba, ina so. Wuri talatin da ɗaya na kai takarduna tun da na gama makaranta, ko mutum ɗaya bai taɓa buɗe aikina ya duba ba sai ranar nan. Ban iya komai ba sai wannan. In ban yi shi ba, ban san me zan yi ba."

Barira ba ta yi wasa ba a wannan karon. Ta ce, "Kawu, sun sa iyakar shekaru talatin. Watan gobe nake cika su. Su biyun suna da baɗi da baɗin baɗaɗa, ni wannan ce ta farko kuma ita ce ta ƙarshe. Maigidana ya amince, Inna ta ce za ta riƙe mini yara. Ban taɓa neman wani abu don kaina ba sai wannan."

Tanimu ya shigo yana dariya kamar kullum, ya fara ba ni labarin wata waya da ta faɗa a miya. Na bar shi ya gama. Sai ya daina dariya, abin da ban saba gani ba, ya ce, "Baffa, shi yana da difloma, ita tana da takardar malanta. Ni sau biyu na faɗi jarrabawa. Duk ƙofar da na je, takarda ake fara tambaya, wannan ce kaɗai ba ta tambaya ba. Tun ina yaro ake ce mini mai ɓarna. Ranar nan ne na fara jin cewa abin da na iya aiki ne, har yana da suna."

Kowannensu kuma da zai fita abu ɗaya ya faɗa, duk sunan da ka rubuta mun yarda, ba za mu ƙullace ka ba. Wannan ya fi komai yi mini nauyi, domin na san da gaske suke. Jiya na hango su ukun a tsakar gida suna cin abinci a kwano ɗaya, ana ta tsokanar juna, ina shigowa suka bi aljihuna da kallo.

Ga takardar nan, kun gan ta, layin babu komai. Jibi da safe za a kai ta Kano. Ba don Nafi'u ba, da babu manhajar da za a gyara balle a gwada. Ba don Barira ba, da an ƙera abin da yake korar uwayen da suka fi kowa bukatarsa. Ba don Tanimu ba, da ta yi ƙarya a daji ta kuma faɗi a gaban alƙalai. Mutum biyu za su zauna a garin nan suna kallon na ukun ya hau mota, kuma da hannuna zan zaunar da su.

To, jama'a, ga biro. A cikin su ukun nan wa ya fi cancanta, sunan wa zan rubuta?